Yadda Ake Samun Izinin Yin Itace a Dajin Gwamnati a Amurka

Shekarar da muka koma gida mai murhun itace a jihar Oregon, sanyi ya shigo ba mu da ko tsinke a ajiye. Na sayi faskararre a hannun masu kawowa har ƙofar gida, na kuwa ji a jikina. Da ƙanƙara ta narke, maƙwabcina, wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin katako, ya tambaye ni me ya hana ni zuwa daji in yo da kaina. Na ce wane daji? Ya ce na gwamnati mana.

Na yi shiru. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san gandun daji, ya san malamin daji, ya kuma san abin da ke samun wanda aka ritsa da gatari a cikin gandu. Ban taɓa kawo wa raina cewa hukuma da kanta za ta miƙo maka takarda ta ce shiga ka yanka ba. Ashe a nan haka ake yi, kuma ba don alfarma ba. Busasshen itacen da ya jibge a daji abincin gobara ne, wanda ya kwashe shi ya rage musu aiki.

Samun takardar bai fi aikin rabin sa'a ba. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne ɗaukar cewa takardar ta ba su daji. Ba ta ba ka daji ba. Ta ba ka wani gefe nasa ne, a wasu watanni, da wani irin itace, da wani adadi. Sauran duk haramun ne a gare ka kamar wanda ba shi da takarda.

Da farko, dajin wa za ka shiga?

Ba kowane daji mara shinge ne na gwamnati ba, na gwamnatin ma ba hannu ɗaya ke riƙe da shi ba. Manyan masu ba da izini biyu ne. Akwai Forest Service, hukumar gandun daji ta tarayya da aka kafa a 1905 a ƙarƙashin Ma'aikatar Noma, mai kula da dazukan ƙasa 154 da filayen ciyawa 20, kimanin eka miliyan 193. Akwai kuma BLM, hukumar kula da filaye da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida, wadda ke riƙe da kusan eka miliyan 245, mafi yawansu a jihohin yamma. Bayan su sai dazukan jiha, irin dajin Tillamook da ke yamma da Portland, wanda hukumar gandun daji ta jihar Oregon ke ba da nasa izinin. Takardar wannan ba ta aiki a dajin wancan. Ko a cikin Forest Service ɗin ma, takardar dajin Deschutes ba za ta cece ka a dajin Mount Hood ba.

Wuraren shaƙatawa na ƙasa, irin Crater Lake, ka cire su daga lissafi baki ɗaya. Haka yankunan da dokar 1964 ta keɓe a matsayin dajin da ba a taɓawa. A can ko kunna inji ba a yi.

A yammacin Oregon akwai wani tarko da ya kamata baƙo ya sani. Tun zamanin da aka raba wa kamfanin jirgin ƙasa filaye a ƙarni na 19, ƙasar ta zama kamar gidan dara: murabba'in mil ɗaya na BLM, na kusa da shi na kamfanin katako, na gaba kuma na BLM. Hanya ɗaya ce ke ratsa su duka, bishiyoyin iri ɗaya, sau da yawa babu ko allo. Kana iya fara yanka a halak ka ƙare a gonar wani ba ka sani ba. Shi ya sa nake saukar da taswirar mallakar filaye a waya tun ina gida, irin wadda ke nuna inda kake tsaye ko babu sabis.

Ka san adadin da kake nema

Ma'aunin itace a nan sunansa kod. Tsari ne mai tsawon ƙafa 8, faɗin ƙafa 4, tsayin ƙafa 4, an jera shi a matse, wato ƙafa kubik 128 idan an ninka tsawo da faɗi da tsayi. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka saba da awon sitar a kasuwannin itace na karkara sai su ɗauka kod ɗaya ya ɗan haura sitar uku da rabi.

Babbar a-kori-kura mai baya ƙafa 8, idan an jera itace daidai bakinta, tana ɗaukar kamar rabin kod. Mai gajeren baya ba ta kai haka ba. Kada ka yi wa motarka ganin ido: kod ɗaya ko busasshe ne yana kai tan guda, ɗanye kuwa ya wuce nan nesa. Wanda ya sayi izinin kod 4 ya san sawu takwas ke gabansa, kowane sawu da man mota da yini guda. Ni a ganina, in dajin ya fi tafiyar sa'a biyu daga gidanka kuma motar haya za ka ɗauka, ka zauna ka yi lissafi tukuna. Wani lokaci araha ba ta ado.

Karɓar takardar

Kowane daji an raba shi gunduma-gunduma, kowace da ofishin malaman daji. Kafin ka tada mota ka buga musu waya ka tambayi abu huɗu: an buɗe kakar yin itace, waɗanne yankuna ne a buɗe, nawa ne kod, kuma a wane matakin gobara ake. A dazuka da yawa na gabashin Oregon kakar na farawa ne a watan Mayu ta rufe a ƙarshen Nuwamba, amma kowane daji da kalandarsa.

Ana son ka kai shekara 18, ka zo da katin shaida mai hoto. Za ka ce izinin amfanin gida kake so. Wannan kalmar tana da nauyi, domin itacen da aka ɗebo da irin wannan takarda ba a sayar da shi. Mai son ciniki akwai tasa takardar daban da nata farashin. Kuɗin ba wani abu ba ne. An daɗe ana biyan dala 5 zuwa 10 a kan kod a wurare da yawa, tare da sharaɗin cewa mafi ƙarancin abin da za ka saya shi ne na dala 20. A 'yan shekarun nan ma dazuka da dama a Oregon da Washington sun mai da izinin amfanin gida kyauta. Sai dai kyauta ba ta ɗauke maka karɓar takarda ba. Akwai kuma iyakar kod nawa gida ɗaya zai ɗiba a shekara.

BLM na sayar da nata izinin ta intanet a gundumomi da yawa, ka biya da kati ka buga takardar a gida. Wasu dazukan Forest Service kuma sun ba kantunan ƙauyukan da ke bakin daji damar bayarwa. Duk da haka, karon farko ka je ofis da ƙafarka. Wadda ke zaune a kanta ta san hanyar da ruwa ya cinye, ta san inda aka gama sassabe aka bar gungume a tare a bakin hanya aka buɗe wa jama'a. Irin wannan tarin shi ne garaɓasar mai koyo: ba sara, ba kayarwa, yanka kawai da lodi. Ba kowa ake faɗa wa ba, sai wanda ya tambaya.

Abin da za a ba ka uku ne: takardar izinin da za ka sa wa hannu, taswirar yankunan yanka tare da sharuɗɗa, da tikitin lodi. Ka nemi na huɗu, taswirar hanyoyin da aka yarda mota ta bi, ita ma kyauta ce. Hanyar da ba ta cikin wannan taswirar, ko da ka ga sawun taya a kanta, a rufe take a wurin doka. Mai sunan da ke kan takardar dole ya kasance a wurin yankan. Ba a ara wa aboki. Tsoho ko mara lafiya na iya tambaya ko za a yarda ya wakilta wani, a rubuta sunansa tun a ofis.

Wane itace ne naka?

A nan ne nake son mai karatu ya ja kujera. Ƙa'idar da ta game kusan ko'ina ita ce matacce kuma kwantacce. Bishiyar da ta mutu ta faɗi ƙasa, a cikin yankin da aka buɗe, taka ce. Wadda ta mutu tana tsaye, wani dajin ya yarda, wani bai yarda ba, wanda ya yarda ma yakan ƙayyade irin bishiyar da kaurinta. Mai ɗanyen ganye ko da reshe ɗaya ne, ba ta mutu ba.

A wurinmu busasshiyar bishiya ba ta da sauran amfani sai murhu. Su a nan ba haka suke kallonta ba. Matacciyar bishiya mai kogo gidan mujiya ce da kurege da jemage da tsuntsayen da ke ƙwaƙular itace. Saboda haka duk wadda ka ga an liƙa mata ƙaramin allo, ko an shafa mata fenti, ko an ɗaura mata ƙyalle mai launi, ko kana ganin ramuka da sheƙa a jikinta, ka wuce. Fenti da ƙyalle na iya nufin an riga an sayar wa kamfani da ita, ko alamar iyaka ce. Ko wanne ne, ba taka ba ce.

Sai wata bishiya da ta jefa mutane da yawa cikin tara, sunanta larch, wasu na ce mata tamarack. Ana samunta a gabashin Oregon da Washington da Aidaho da Montana, kuma masu murhu na sonta don tana ci da kyau. Yawancin danginta ba sa rabuwa da ganye shekara-shekara, ita kuwa da kaka sai ta yi ruwan ɗorawa ta kakkaɓe tas, ta tsaya tsirara har sanyi ya wuce. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda ya san gawo, wanda ke zubar da ganye da damina lokacin da kowace bishiya ke kore. Baƙon da ya ga gawo a watan Agusta ya ce ya mutu, manomi dariya zai yi masa. To haka larch take a Oktoba da Nuwamba. Ka duba ƙananan rassanta: mai rai suna nan cif da 'yan ƙulle-ƙulle a jikinsu, ɓawonta a manne, ƙarƙashinta shimfiɗe da sabon ganye rawaya. Matacciya ƙananan rassan sun karye, ɓawo na saɓulewa. In ka yi kokwanto, bar ta.

Sauran sharuɗɗan gajeru ne, amma ka karanta su a taswirarka don alƙaluman na sauyawa daga daji zuwa daji. Ba a yanka kusa da rafi ko tafki ko fadama, kuma za a rubuta maka tazarar ƙafa nawa. Ba a yanka a sansanin masu kwana a daji. Kututturen da za ka bari galibi kada ya wuce inci 12. Akwai iyakar tsawon gungumen da za ka ɗora a mota, don kada wani ya fake da itacen wuta ya fitar da katako. Rassan da ka sassabe ka janye su daga hanya da magudanar ruwa.

Karya waɗannan ƙa'idoji a dajin tarayya laifi ne na tarayya. A dajin Forest Service, mafi girman hukuncinsa tarar dala 5,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Yawanci ba a kai can ba, amma wanda ke zaune da takardar baƙunci ya fi kowa sanin cewa ba ya son sunansa a kowane irin kundin kotu.

Zarto, raga da gobara

Zartona na farko mai inji na hannu na saya, a wajen wani da ke kwashe kayan gareji. Yana tashi bugu ɗaya, yana ci kamar yunwa, na yi ta murna. Fitata ta biyu da shi, wata malamar daji ta tsaya da motarta, muka gaisa, ta duba takarda, sannan ta ce in miƙo zarton. Ta juya shi ta leƙa bakin salansa da ɗan tocila, ta ce, "Ina ragar?" Ban ma san akwai wata raga ba. Ashe mai shi na da ya cire ta don injin ya ƙara ƙarfi. Ta yi mini gargaɗi a rubuce, ta ce aikin yau ya ƙare. Na koma gida da mota wayam, tafiyar mil 70, uwargida na tambaya ina itacen.

Wannan raga ita ce ke tare tartsatsi daga salansa, kuma doka ta ce ramukanta kada su wuce inci 0.023. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ana samunta a duk shagon da ke gyaran zarto. Tana toshewa da baƙin hayaƙi, sai a cire a goge da burushin ƙarfe a mayar. Tare da ita, a dazukan wannan yanki ana son ka riƙe shebur mai dogon ƙota da tsinin baki, da ƙaramar tukunyar kashe gobara mai aƙalla oza 8, kuma su kasance kusa da inda kake yanka, ba a cikin mota can bakin hanya ba. In ka kashe inji, ka zauna sa'a guda kana lura da wurin kafin ka tafi. Wannan sa'ar ba asara ba ce, a cikinta ake lodi.

Oregon da Washington na da matakan kiyaye gobara guda huɗu ga masu aiki da inji a daji. A mataki na 1 ana yanka da kayan kariya a hannu. A mataki na 2 ana kashe zarto daga ƙarfe 1 na rana zuwa 8 na dare, lokacin da zafi da iska suka fi tsanani. Daga mataki na 3 mai yin itacen gida ya ɗauka ƙofa ta rufe, a na 4 kuwa kowa ya fita. Matakin na iya sauyawa cikin dare ɗaya, kuma alhakinka ne ka bincika da safen ranar da za ka fita. Akwai lambar waya a jikin taswirar don haka. Wanda gobara ta tashi ta dalilinsa ana iya bin sa kuɗin kashe ta, wannan kuwa ba kuɗin da mutum ke biya ya miƙe ba ne. Dalilin ke nan da na fi son Mayu da Yuni, ko bayan ruwan farko na Oktoba. Yuli da Agusta rabinsu a rufe suke ƙarewa.

Kayan jikinka: hular kwano, tabarau, abin toshe kunne, safar hannu, takalmi mai ƙarfe a baki, da wandon kariya da ake ɗaurawa a kan ƙafa, wanda zarensa ke cusa kansa cikin sarƙa ya tsayar da ita in ta taɓa shi. Kada ka yanka da tsinin zarto ta sama, nan ne yake zabura ya dawo wa mutum fuska. Game da kayar da matacciyar bishiya a tsaye kuwa, shawarata ga mai koyo ita ce ya haƙura ko da takarda ta yarda. Cikinta kan ruɓe, kanta kan karye ya faɗo tun ba a gama yanka ba, ba ta kuma bin inda ka nufa da ita kamar ɗanya. Sai ka yi kaka ɗaya ko biyu tare da wanda ya iya.

Kada ka je kai kaɗai, ka kuma bar wa na gida sunan hanya da lambarta da lokacin dawowa, don yawancin wuraren babu sabis. Ka ɗauki ruwa mai yawa, na sha da na alwala. A watan Oktoba maharba barewa sun cika daji, sai ka sa riga mai ruwan lemo mai ƙyalli. A kwana kuma ka rage gudu ka kama gefenka, manyan motocin gungume ba sa iya tsayawa da wuri.

Tikiti kafin taya ta motsa

Wata Asabar mun gama lodi da wani ɗan'uwa mutumin Maraɗi, rana ta yi sanyi, kowa ya gaji. Ya shiga mota ya ce, "Malam, mu je, in mun fita kwalta ma liƙa."

Na ce, "A'a Alhaji, sauko. Daga nan zuwa kwalta mil goma sha biyu ne, duk wanda ya tare mu a tsakani, itacen sata muka ɗauko."

Haka dokar take. Kowane tikiti na wakiltar wani adadi, a wurare da yawa rabin kod. Kafin mota ta gusa daga inda aka yi lodi, za ka huda ko ka yanke wata da ranar da ke jikinsa, ka kafa shi a bayan lodin da ƙusa ko abin maƙala takarda, inda na bayanka zai gan shi. Wasu dazukan kuma suna son ka rubuta rana da lokaci da adadi a jikin takardar izinin da biro. Tikitin da ba a huda ba daidai yake da babu, domin ana ɗauka kana shirin sake amfani da shi ne. Ni yanzu ƙusa da guduma da biro suna zaune a aljihun ƙofar mota, ba sa fita. Ka ɗaure lodin da igiya ko raga; gungume ɗaya da ya faɗo a babbar hanya wata shari'ar ce daban.

Bayan an iso gida

Kada ka yi wa itace doguwar tafiya. Ƙwari da cututtukan bishiya a cikin ɓawo suke ɓuya su bi mota. Wani koren ƙwaro mai kashe bishiyar ash, wanda aka fara ganowa a Mishigan a 2002, ya hallaka miliyoyin bishiyoyi a gabashin ƙasar, kuma a watan Yunin 2022 aka gan shi a garin Forest Grove na Oregon. Shawarar da hukumomi ke bayarwa ita ce a ƙona itace kusa da inda aka yanke shi, kada a wuce mil 50, in da hali ma ƙasa da 10. Wasu gundumomi na ƙarƙashin dokar hana fitar da itace, sai ka tambaya in hanyarka ta ratsa su.

Ka faskara da wuri, don gungume a dunƙule ba ya bushewa. Ka jera a kan katako ko bulo don kada ya taɓa ƙasa, nesa kaɗan da bangon gida saboda gara da gobara, ka rufe samansa kawai ka bar gefe iska na ratsawa. Ko mataccen itace in ya kwanta a ƙasa yakan sha ruwa. Abin da ake nema shi ne danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, akwai ɗan ma'auni mai tsinke biyu da ake soka wa a fuskar da aka faskara yanzu. In babu, ka gwara guda biyu: busasshe ƙara yake yi ƙwal, ɗanye kuwa dum. Ɗanyen itace hayaƙi yake yi, ya tara baƙar kunkunniya mai danƙo a bututun hayaƙi, ita ce kuma ke kamawa da wuta tsakar dare, don haka a share bututun sau ɗaya a shekara kafin sanyi.

Takardar izini na mutuwa ne a ranar da aka rubuta a jikinta, tikitin da ya rage ba ya tsallakawa baɗi, ba a kuma mayar da kuɗinsa. Na bana saura biyu a hannuna, ga shi an ce ƙanƙara za ta sauka a kan tudu ƙarshen mako mai zuwa.